Rigar dalma a kan ƙusa

Idan kakar tumatur ta zo, motoci suka fara tasowa daga Kwanar Gafan da kwanduna har sama, mu masu kwana a sashen gaggawa mun san barci ya ƙare. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya gangaro Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya cika titin Zariya da motoci. Karayar da a da maɗori ke lalubawa da hannu sai ta riƙa zuwa mana, 'yan uwa na cewa, "Likita, a yi masa hoto."

To, mai karaya ba ya kwanciya lafiya. Dole wani ya danne ƙafar kafin a danna na'ura, kuma sau da yawa ni ne. Rigar dalma guda ɗaya muke da ita, rataye a ƙusa. Nauyinta kaɗai ya isa, balle a zafin Afrilu. Nakan ce ai ƙiftawar ido ce.

Haka na farko ma suka ɗauka. A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a Jamus. Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, da hannunsa yake gwada na'urar. Sai da aka yanke hannayen biyu, ya mutu a 1904. A 1936 aka kafa dutse a Hamburg ɗauke da sunayen likitoci da ma'aikatan da hasken ya kashe. Abin ba zafi, ba wari, illarsa taruwa take yi a jiki shekara da shekaru.

Mu nan dokar kariya daga hasken ta makara. Sai 1995 aka yi ta, hukumar NNRA mai sa ido kuwa sai 2001 ta fara aiki. Ƙa'idar duniya ga ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara, ana auna ta da ɗan baji da ake maƙalawa a ƙirji. Ma'aikatan ɗakin hoto aka fi tunawa da su. Mu da muke shiga mu riƙe majinyaci mu fita, ba wanda ya lissafa da mu.

Kwanaki na raka wani ɗan ƙanena da ya faɗo daga babur a hanyar gonar shinkafa. Likitar, yarinya ce sa'ar 'yata, ta tokare ƙafar da jakar yashi, ta ja ni bayan bango.

"Baba, matso nan," in ji ta. "Ba a tsayawa a wurin."