Kwana 12 na Jinya: Haƙƙin Ma'aikaci da Makomar Ƙungiyoyin Ƙwadago a Najeriya

Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka kafa a 1974 zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, ya wajabta wa ubangidan aiki ya ci gaba da biyan ma'aikacinsa har kwanakin aiki 12 a shekara idan ciwo ya kwantar da shi, muddin likita mai rajista ya ba da shaida. Shekara 50 ke nan da ɗoriya, adadin bai motsa ba. Mai tarin fuka kuwa wata 6 yake yi yana shan magani. A Birtaniya, doka ta ɗora wa ubangidan aiki biyan kuɗin jinya har mako 28.

Ko wannan ɗan haƙƙin ma ba kowa yake kai wa gare shi ba. Sashe na 7 ya ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da fara aiki, amma leburan da ake biya kullum da ma'aikacin da ɗan kwangila ya kawo wa banki ko masana'anta galibi ba su da ita. Ranar da zazzaɓi ya hana su fitowa, ba aiki ba biya. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta sa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, ta tsaya ne kan rauni ko cutar da aiki ya jawo. Maleriya da taifod ba sa ciki. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna neman abinci ne a ɓangaren da ba shi da tsarin hukuma.

Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta NLC, tun kafuwarta a 1978, ta fi yin suna a gwagwarmayar farashin man fetur da mafi ƙarancin albashi, wanda ya kai naira 70,000 a 2024. Batun jinya bai samu irin wannan murya ba, alhali tushen ƙungiyoyin kansa yana zaizayewa: masaƙun Kakuri a Kaduna sun durƙushe, gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 kuma ya mayar da shiga ƙungiya ganin dama.

Akwai waɗanda suka farga. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta buɗe ƙofarta ga teloli masu zaman kansu, direbobin Uber da Bolt kuma suka sami ƙungiya mai rajista a 2023. Irin waɗannan membobi ba su da albashin da za a ƙara musu. Abin da ke tsorata su shi ne makon da za su kwanta gida ba ko sisi.

Ya kamata NLC da takwararta TUC su kai wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa buƙatar gyara sashe na 16, a ƙara kwanakin, a kuma shigar da ma'aikatan kwangila da masu aikin wucin gadi.