Ciwon Hanta: Me ALT da AST Ke Nufi a Takardar Gwajin Jini?

ALT da AST sinadarai ne da likitoci ke kira enzayim. Mazauninsu cikin ƙwayoyin hanta ne, inda suke taimakawa wajen sarrafa abinci. ALT galibi a hanta take, AST kuwa akwai ta a zuciya da tsoka ma.

Idan ƙwayar cutar hanta nau'in B ko C ta zauna a jiki, sojojin garkuwar jiki kan far wa ƙwayoyin hantar da suka kamu. Ƙwayoyin sai su fashe, sinadaran su kwarara cikin jini. Shi ya sa lambar ke hawa. A yawancin ɗakunan gwaji, abin da ya haura 40 a kowace lita ana ɗaukarsa ya yi sama.

In kumburin ya daɗe, hanta kan ɗinke rauninta da tabo. Jiki na da wasu enzayim masu narkar da tabon, amma kumburi mai naci yakan danne aikinsu. Duk mahauci ya san lafiyayyar hanta laushi gare ta. Wadda tabo ya mamaye sai ta yi tauri da gudaji. Daga nan ne kumburin ciki, shawara, aman jini, har da daji ke biyowa.

To a kula: lamba ta sauko ba shi ne an warke ba. Hantar da ta riga ta ƙangare ma tana iya nuna lamba daidai. Sai an haɗa da gwajin ƙwayar cutar da hoton ciki.

A 2020 gwamnatin Abdullahi Sule ta ƙaddamar da shirin shekara biyar na kawar da nau'in C a jihar Nasarawa, kuma asibitin Dalhatu Araf da ke Lafiya na cikin wuraren da aka yi ta gwaji da ba da magani. Nau'in C na warkewa da ƙwayoyin mako 12. Nau'in B kuwa ana danne shi da magani irin su tenofobir, kuma yana da rigakafi. Jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa.

'Yan uwa mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal, a guji tarayya a reza, askar wanzami da abin yankan farce. A kiyayi giya, jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna. Hanta ba ta kuka da wuri, don haka a je gwaji tun ana jin garau. Allah ya ƙara mana lafiya.