Tauraron Mirrihu: Abin da Masu Duba Ke Faɗa a Kansa, Haƙiƙaninsa, da Hukuncin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mai zama a Libreville ba ya rasa cin karo da shafin taurari da ake kira horoscope da Faransanci, ko a jarida ko a rediyo ko a wayar hannunsa. A irin waɗannan shafuka akan ce wa mutum Mars ya shiga burjinsa, don haka ya yi hattara da faɗa, ko kuwa lokacinsa ne na neman aure da buɗe shago. A gida kuma muna da namu masu hisabi da bugun ƙasa, waɗanda kan ce tauraron wane da na wance ba su haɗu ba, a fasa aure a kan wannan magana. Wannan rubutu zai bayyana mene ne wannan tauraro, me masu tanjimi suka jingina masa, daga ina suka samo, da kuma hukuncin hakan a Musulunci.

Sunansa da siffarsa

Larabawa suna kiransa Al-Mirrikh, malamanmu kuma suka ce Mirrihu. Farisawa sun kira shi Bahram, Rumawa suka kira shi Mars. Yana cikin taurari biyar masu tafiya da ido ke gani ba tare da na'ura ba: Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. Malaman tafsiri da dama sun fassara taurari masu komawa baya, masu gudu, masu ɓuya, waɗanda Allah Ya rantse da su a Suratut Takwir (aya ta 15 da ta 16), da waɗannan biyar ɗin.

A binciken masana falaki, Mirrihu duniya ce ta duwatsu da ƙura, ta huɗu daga rana. Ba shi da hasken kansa, hasken rana yake maidowa. Nisansa daga rana kusan kilomita miliyan 228 ne, faɗinsa kuma kusan kilomita 6,780, wato ɗan fiye da rabin faɗin duniyarmu. Yana kewaya rana a kwana 687, yininsa da darensa kuma awa 24 ne da kusan minti 40. Yana da ƙananan watanni biyu da aka gano a 1877. Jan launinsa ya samo asali ne daga tsatsar ƙarfe da ke cikin ƙurarsa. Da yake Libreville tana dab da layin da ya raba duniya biyu, Mirrihu yakan hau can sama kusa da tsakiyar ka, kuma a daren da babu hadari ana gane shi da ja-ja-jan haskensa wanda ba ya ƙyaftawa kamar na sauran taurari.

Ma'anar da masu tanjimi suka ba shi

Littattafan tanjimi na dā sun ce ɗabi'ar Mirrihu zafi ce da bushewa. Suna kiransa ƙaramin nahisa, Zuhalu kuma babban nahisa, kamar yadda suke kiran Mushtari babbar sa'a, Zuhura ƙaramar sa'a. Sun ba shi gidaje biyu cikin burji goma sha biyu, wato Rago (Hamal) da Kunama (Aƙrab). Sun ce darajarsa na ɗaukaka idan yana burjin Jadyu, tana faɗuwa idan yana Sarɗan. Ranarsa Talata ce, ma'adininsa baƙin ƙarfe, launinsa ja. Sun danganta masa yaƙi, gobara, zubar jini, zazzaɓi mai zafi, fushi da jarumta, sannan suka sa sojoji, maƙera, mahauta da masu aikin aska a ƙarƙashinsa.

Masu duban wannan zamani sun sassauta harshen. Maimakon su ce tauraron yaƙi, sai su ce tauraron aiki da sha'awa: wai matsayinsa a ranar haihuwar mutum shi ke nuna yadda zai nemi abin da yake so, yadda zai yi fushi, da ƙarfin sha'awarsa ga mace ko namiji. Sukan kuma tsoratar da mutane game da lokacin da yake komawa baya, su ce kada a fara kasuwanci, kada a shiga shari'a, kada a yi tiyata. A Indiya, inda ake kiransa Mangala, akwai waɗanda ake wa laƙabin Manglik saboda inda ya tsaya a ranar haihuwarsu, har aure yakan yi musu wuya.

Daga ina wannan ma'ana ta fito?

Tushenta bautar gumaka ne. Mutanen Babila sun danganta wannan tauraro da Nergal, abin bautarsu na annoba da yaƙi. Girkawa suka ba shi sunan Ares, Rumawa suka ba shi na Mars, dukansu gumakan yaƙi. Sun ga ja, suka tuna jini da wuta, suka gina hukunci a kai. Har yau alamar na nan a Faransancin da muke ji kullum: mardi ma'anarta ranar Mars, haka ma watan mars da sunan wannan gunki aka sa shi.

A ƙarni na 2 na Miladiyya Baɗalamusu na Iskandariyya ya tsara waɗannan da'awoyi a littafinsa Tetrabiblos. A zamanin Abbasiyawa aka fassara irin waɗannan littattafai zuwa Larabci, kuma Abu Ma'ashar al-Balkhi, wanda ya rasu a 886, ya zama jigon fannin a Bagadaza. Shafin taurari na jarida kuwa sabon abu ne: ya samo asali a Ingila a 1930, lokacin da jaridar Sunday Express ta buga duban da R. H. Naylor ya yi wa Gimbiya Margaret bayan haihuwarta.

Tanjimi a ƙasar Hausa

Wannan fanni ya iso ƙasarmu tare da littattafan Larabci. Wanda ya fi shahara da shi shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. Gwani ne a lissafi, ya yi rubutu a kan hatimai, kuma ya wallafa Ad-Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, inda ya taƙaita As-Sirrul Maktum wanda ake jinginawa Fakhruddin ar-Razi. Gwanintarsa a lissafi abin alfahari ce, amma kasancewar malami ya rubuta abu ba ta mai da abin hujja a shari'a.

Malaman jihadi sun yi wa lamarin tsaye. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya lissafa masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa, ko hukuncin taurari, ko labarin aljannu, ko kukan tsuntsaye, cikin waɗanda aikinsu ya fitar da su daga Musulunci ko da suna furta shahada. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi littafi a kan wajibcin nisantar masu rufa-ido da masu taurari. Tun kafin su ma, duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani ya ga inda ya hana duba cikin taurari, sai gwargwadon abin da za a gane alƙibla da sassan dare da shi.

Hukuncin shari'a

Malamai irin su Al-Khaɗɗabi da Ibnu Rajab sun raba ilimin taurari gida biyu.

Na farko shi ne sanin tafiyarsu domin gane lokaci, alƙibla, hanya da yanayin shekara. Wannan halal ne, wani sashensa ma ana buƙatarsa. Alƙur'ani ya ambaci cewa an sanya taurari domin a shiryu da su a duhun tudu da na teku (Suratul An'am, aya ta 97, Suratun Nahli, aya ta 16). Manomin ƙasar Hausa da ke lura da Kaza-da-'ya'yanta don sanin kusantowar damina yana cikin wannan kashi, matuƙar ya ɗauke ta alama ce kawai. Haka wanda ya lissafa cewa alƙiblar Libreville tana arewa maso gabas, kusan digiri 53 daga arewa.

Na biyu shi ne jingina abin da ke faruwa a ƙasa ga taurari, da neman sanin abin da zai zo ta hanyarsu. Wannan shi ne tanjimi, kuma haramun ne. Suratun Namli, aya ta 65, ta keɓe sanin gaibu ga Allah Shi kaɗai, ƙarshen Suratu Luƙman kuma ya nuna babu ran da ya san abin da zai aikata gobe. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya sanya koyon wani yanki na tanjimi daidai da koyon wani yanki na sihiri. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. A Hudaibiyya, bayan ruwan sama da aka yi da dare, Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mai imani, wanda kuma ya jingina shi ga faɗuwar wani tauraro ya kafirce wa Allah, ya yi imani da tauraro. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka alaƙanta abubuwan biyu, shi kuwa ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Saboda haka, wanda ya ƙudurta cewa Mirrihu da kansa yake haddasa faɗa ko sha'awa, ya yi babban shirka. Wanda ya ce Allah ne Mai yi amma tauraron sababi ne, ya ƙirƙiri sababin da shari'a ba ta tabbatar ba, hankali ma bai tabbatar ba, kuma ya faɗa cikin haram. Wanda yake karanta shafin taurari da sunan nishaɗi, malamai da yawa na wannan zamani sun ji masa tsoron shiga cikin hadisin mai zuwa wurin ɗan duba, domin ɗan duban ne ya shigo masa aljihu ta waya. Amma faɗin mardi ko mars a matsayin sunan rana da wata, babu laifi a ciki, tunda ba a nufin komai da su sai lokaci.

Abin da tarihi da bincike suka nuna

A shekara ta 223 bayan Hijira (838), masu taurari sun gargaɗi Halifa Mu'utasim kada ya fita yaƙin Ammuriyya a lokacin da ya yi niyya. Ya fita, kuma ya ci garin. A shekara ta 582 bayan Hijira (1186) sun yi shelar cewa haɗuwar taurari a burjin Mizani za ta kawo guguwar da za ta rushe garuruwa, har wasu suka haƙa ramukan ɓuya. Lokacin ya zo ya wuce lafiya. Ibnu Khaldun ya ware fasali a Muƙaddima don rushe wannan sana'a, Ibnul Ƙayyim ma ya yi dogon raddi a Miftahu Daris Sa'ada.

Komawa bayan da ake tsoratar da mutane da shi, gani ne kawai na ido. Duniyarmu ta fi Mirrihu saurin kewaya rana, don haka kusan kowane wata 26 takan cim masa ta wuce shi, sai a ga kamar yana ja da baya na kimanin wata biyu zuwa biyu da rabi, kamar yadda mai tafiya a mota mai gudu yake ganin wadda ya wuce. An ce tauraro ne mai zafi, sai na'urori suka auna matsakaicin sanyinsa kusan digiri 60 ƙasa da sifili. Kumbon Viking 1 ya sauka a kansa a 1976, Curiosity a 2012, Perseverance a Fabrairun 2021, kuma a wannan watan ne kumbon Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mai suna Al-Amal ya fara kewaya shi. Abin da suka tarar shi ne duwatsu, ƙura, ƙanƙara da alamun tsofaffin magudanan ruwa.

A Faransa, Michel Gauquelin ya yi da'awa a 1955 cewa fitattun 'yan wasa sun fi yawan haihuwa lokacin da Mirrihu ke fitowa ko yake tsakiyar sama. Wani kwamitin masana na Faransa ya sake gwada maganar da 'yan wasa sama da dubu, ya wallafa sakamakon a 1996, bai sami wannan tasiri ba. Ƙari a kan haka, burjin da masu duban Turai ke lissafi da su sun goce daga ainihin gungun taurarin da kusan digiri 24 tun zamanin Baɗalamusu, ta yadda mafi yawan waɗanda ake ce wa 'yan burjin Rago, rana tana cikin gungun Kifi ne a ranar haihuwarsu.

Fushi da sha'awa a mahangar Musulunci

Abin da ake jinginawa Mirrihu, Musulunci ya mai da shi cikin zuciyar mutum, inda za a tambaye shi a kansa. Imam Al-Gazali ya yi bayani a Ihya'u Ulumid Din cewa an halicci ɗan Adam da ƙarfin fushi da ƙarfin sha'awa. Idan hankali da shari'a suka riƙe linzaminsu, fushi ya zama jarumta, sha'awa ta zama kamun kai. Idan aka sake su, su zama zalunci da alfasha. Annabi (SAW) ya nuna cewa mai ƙarfi na gaskiya shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, ya koyar da neman tsari daga Shaiɗan, da zama idan mutum yana tsaye. Matasa kuma ya umarce su da aure, wanda bai samu iko ba ya riƙi azumi. Mutumin da ya mari matarsa ya ce tauraronsa ne mai zafi, ya rufe wa kansa ƙofar tuba, domin ba ya ganin laifin nasa ne.

Ɗan kasuwar Mont-Bouët da ke shirin sayo kaya, da uban da aka zo neman auren 'yarsa, an ba su abin da ya fi duba: su yi bincike a kan kaya da farashi, a kan addinin manemi da halinsa, su shawarci masu gaskiya da sani, su yi sallar istihara raka'a biyu, sannan su dogara ga Allah. Wanda ya taɓa zuwa wurin mai duba ko ya saba karanta waɗannan shafuka, ya tuba, ya goge manhajar daga wayarsa, kada kuma ya tura wa wani. Iyaye da malaman makarantun Islamiyya su koya wa yara sunayen taurari da tafiyarsu, su nuna musu Mirrihu idan ya fito, su faɗa musu cewa halitta ce da ke bin umarnin Ubangijinta, ba ta mallaki amfani ko cuta ga kowa ba.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya raba mu da shirka, wadda muka sani da wadda ba mu sani ba. Allah ne Mafi sani.