Hoton Cikin Jiki Kafin Raba Tagwayen da Aka Haifa a Manne

Kafin a raba tagwayen da aka haifa a manne, tilas likita ya san abin da suka yi tarayya a kai: fata da guringuntsi ne kaɗai, ko kuwa hanta ce, ko zuciya, ko jijiyoyin ƙwaƙwalwa? A da, likitoci ba su da abin dubawa sai ido da tafin hannu. A 1689 Johannes Fatio ya raba wasu jarirai mata a Basel ta hanyar ɗaure mahaɗarsu da zare, kuma sun rayu ne domin mahaɗar siririya ce. Chang da Eng Bunker kuwa, 'yan ƙasar Tailan ta yau, a manne suka rayu tun daga 1811 har 1874. Sai da aka binciki gawarsu a Amurka aka tabbatar hantarsu a haɗe take.

Hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895 ya kawo hoton ƙashi, amma nama ba ya fita sosai a cikinsa. Sai likitoci suka ɓullo da dabara: a shayar da ɗaya ruwan bariyam a ga ko zai ɓulla a hanjin ɗan'uwansa, ko a zuba rini a jininsa a bi sawunsa. A wannan zamani ne, a 1953, aka kai wasu tagwaye mata da aka haifa a Kano asibitin Hammersmith a Landan. Farfesa Ian Aird ya raba su, ɗaya ta rayu, ɗaya ta rasu.

Babban sauyi ya zo da na'urar CT ta Godfrey Hounsfield, wadda aka fara gwadawa kan majinyaci a 1971. Tana nuna jiki yanki-yanki, kuma idan aka sa rini a jijiya, sai hanyoyin jini su bayyana. MRI ta biyo baya, ta fi fayyace ƙwaƙwalwa da laka. Sikanin masu juna biyu ya sa ana gane tagwayen tun wajen mako 12 na ciki, sikanin zuciya kuma shi ke yanke hukunci mafi nauyi, domin zukatan da ɗakunansu suka haɗe da wuya ƙwarai su rabu.

Yanzu kwamfuta na harhaɗa hotunan ta fitar da samfurin roba da likitoci za su riƙa su gwada aikin a kai. An yi haka a Landan a 2019 wajen raba wasu yara 'yan Pakistan da kawunansu suka haɗe.

Hoton dai yana da iyaka, kuma wajibi ne a gaya wa iyaye hakan ƙarara. A 2003 a Singafo, Ladan da Laleh Bijani 'yan Iran, masu shekara 29, sun rasu sakamakon zubar jini a tiyata, bayan likitoci sun tarar ƙwaƙwalensu sun manne fiye da yadda hotuna suka nuna.