Dutse da Fada: Tsokaci kan Tushen Sarauta a Ƙasar Kagoma

Gabatarwa

Duk wanda ya je Fadan Kagoma, a Ƙaramar Hukumar Jema'a ta Jihar Kaduna, zai tarar da abubuwa iri biyu. Akwai duwatsu da gonakin citta, waɗanda ido ke gani, hannu kuma ke taɓawa. Akwai kuma sarauta da iyakar ƙasa da sunan gari, waɗanda ba a iya aunawa da mudu, amma ƙarfinsu a rayuwar jama'a ya kan zarce na dutse. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda irin waɗannan abubuwa na biyu ke samuwa, ta hanyar duba tarihin wannan yanki.

Suna da Mai Suna

Mu fara da sunan kansa. Mutanen wannan ƙasa suna kiran kansu Gwong, Kagoma kuwa suna ne da ya yaɗu ta bakin Hausawa, Turawa suka tarar da shi suka shigar a takardunsu. Haka nan kalmar "fada" ta Hausa ce, kamar yadda muke ganinta a Fadan Karshi da Fadan Kamantan. Ke nan sunan garin ba daga ƙasa ya tsiro ba, cuɗanyar al'ummu ce ta haife shi, yawan faɗa da rubutawa kuma suka tabbatar da shi. A cikin littafinsa na 1995, masanin falsafar nan na Amurka, John Searle, ya bambanta abin da ke nan ko da babu mutum, da abin da ke nan domin mutane sun yarda yana nan. Dutse na cikin rukunin farko, fada kuwa na biyu.

Sarauta a Ma'aunin Tarihi

An kafa Masarautar Jema'a a farkon ƙarni na 19, bayan jihadin 1804, a ƙarƙashin Zazzau. Da Turawan Ingila suka zo, tsarinsu na mulki ta hannun sarakuna ya sanya ƙabilu da dama, ciki har da Gwong, ƙarƙashin En'en Jema'a, alhali maƙwabtansu kamar Kagoro da Jaba da Moro'a suna da nasu sarakuna. Lokacin da layin dogo ya mayar da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, sai harkoki suka koma can, har fadar Jema'a ita ma ta biyo baya. Abin lura shi ne, haraji da kotu da ɗan doka suna iya tilasta biyayya, amma ba sa haifar da amincewa. Saboda haka aka daɗe ana koke-koken neman cin gashin kai, aka kuma sha zubar da jini, kamar a Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da kuma rikicin naɗin Sarkin Jema'a a 1999.

A 1995, zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa, aka ƙirƙiro masarautun Atyap da Bajju, sannan Gwamna Ahmed Muhammad Makarfi ya ƙara wasu da dama bayan hawansa a 1999. A cikin wannan zango ne mutanen Gwong suka sami tasu masarauta, mai sarki da ake kira Kpop Gwong. Ranar da aka miƙa sandar girma, babu dutsen da ya gusa, babu ƙoramar da ta sauya hanya, amma wurin da manomi zai kai ƙarar iyakar gonarsa ya sauya, haka ma harshen da za a saurare shi da shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa sarauta tana tsayuwa ne bisa duwatsun murhu uku: yardar jama'a, da tabbatarwar hukuma, da maimaita al'ada yau da gobe. Idan ɗaya ya goce, tukunya ta kife. Wannan ba ya nufin sarauta tatsuniya ce, domin abin da mutane suka rasa rayukansu a kansa ba wasa ba ne. Abin nufi shi ne, abin da mutane suka gina, mutane na iya gyara shi ba tare da an zare takobi ba. Masu iya magana sun ce sarki goma, zamani goma. Alhakin ɗalibin tarihi ne ya tunatar da Bahaushen Kafanchan da mutumin Gwong cewa iyakar da ke tsakaninsu kakanninsu ne suka shata ta, zaman lafiyar da za su bar wa jikokinsu kuwa yana hannunsu.