Fartiyawa, Mahayan da Suka Gagari Rum

Duk wanda ya taɓa karatun Sira ya san sunan Kisra, Sarkin Farisa, kuma duk yaron da ya zauna aji ya ji labarin Iskandar Bayunane, wanda ya rushe daular Farisa ta fari. To, tsakanin mutuwar Iskandar da kafuwar gidan su Kisra akwai shekara fiye da 500. Wa ya riƙe ƙasar a cikinsu? In ka tambayi masu karatu goma, da ƙyar ɗaya zai amsa maka. Ga shi kuwa mutanen da suka riƙe ta su ne suka tsaya wa Rumawa a maƙogwaro, lokacin da babu mai iya ɗaga musu yatsa. Sunansu Fartiyawa.

Asalinsu makiyaya ne, masu yawo da dawaki a jejin da ke gabas da Tekun Kasfiya. Wani shugabansu, Arshak, ya faɗa wa lardin Fartiya, a arewa maso gabashin Iran ta yau, ya ƙwace shi daga hannun hakimin Yunanawa. Su da kansu suna fara ƙidayar shekarunsu daga 247 kafin haihuwar Annabi Isa. Kowane sarki da ya hau bayansa sai ya ɗauki sunan Arshak, har ya zama masu binciken tsofaffin kuɗi suna shan wahala kafin su rarrabe wane da wane. Wanda ya mai da sarautar daula shi ne Mitiridatis na Ɗaya, da ya shiga birnin Salukiya na bakin kogin Dijla a shekara ta 141 kafin Annabi Isa. Daura da shi, a ƙetaren kogi, birninsu Tesifon ya tashi, watau wurin da Larabawa suka kira Mada'in, inda kabarin Salmanul Farisi yake, wajen mil 20 daga Bagadaza.

Mulkinsu na sassauci ne. Sun bar ƙananan sarakuna bisa gadajensu muddin suna kawo gaisuwa da mayaƙa, sun bar Yunanawa da Yahudawa da al'adunsu, har sarkin yakan sa a rubuta a jikin kuɗinsa, da harshen Yunananci, cewa shi masoyin Yunanawa ne. Arzikinsu kuwa na hanya ne, gama ayarin alharini daga Sin zuwa Rum sai ya ratsa ta ƙasarsu. A shekara ta 97 bayan Annabi Isa wani manzon Sin, Gan Yin, ya iso bakin teku yana nufin Rum, matuƙan jiragen ruwa suka ce masa tafiyar takan kai shekara biyu in iska ta saɓa. Ya juya gida. Ni dai a ganina dillali ba ya son mai kaya da mai saye su haɗu.

Yanzu sai mu zo ga ranar da ta fi kowace. A Rum akwai wani attajiri, Karasus, wanda ya tara dukiya ba iyaka, amma yana jin haushi abokan mulkinsa, Fomfe da Yuliyas Kaisar, sun fi shi sunan yaƙi. Kwaɗayi mabuɗin wahala! Ya ɗaura yaƙi da Fartiyawa ba tare da sun yi masa laifin kome ba. Sarki Urud ya aiko masa manzanni, ya ce musu zai ba da amsa a Salukiya. Babbansu ya yi dariya, ya buɗe tafin hannunsa, ya ce sai gashi ya tsiro a nan kafin ya ga birnin. Sarkin Armeniya ya ba shi shawara ya bi ta duwatsu, inda doki ba ya sukuwa, ya ƙi. Ya haye kogin Furatu da mutum wajen 40,000, galibinsu dakaru, ya shiga fili fetal.

A kusa da Harran, cikin Turkiyya ta yau, a shekara ta 53 kafin Annabi Isa, sarkin yaƙi Surena ya tarye shi, saurayi ne bai cika shekara 30 ba. Barade 10,000 kaɗai gare shi. Dubu ɗaya 'yan sulke ne, su da dawakinsu duk a lulluɓe da ƙarfe, da dogayen masu, sauran kuwa maharba ne bisa dawaki marasa nauyi. Aka buga tambura, maharba suka kewaye Rumawa suna yi musu ruwan kibau. In dakaru sun taso, sai su juya kamar masu gudu, su waiwayo bisa doki suna cikin sukuwa su saki kibiya, ba kuwa da likkafa ba, don ba a san ta ba tukuna. Rumawa suka haɗa garkuwa suka yi haƙuri, suna cewa ai kwari yakan ƙare. Ashe Surena ya tanadi raƙuma masu yawa ɗauke da kibau, wanda nasa suka ƙare sai ya zaga ya ɗebo. Ɗan Karasus, Fubliyas, ya bi su da barade, suka ja shi nesa suka kashe, suka dawo da kansa a tsinin mashi suna nuna wa uban. Aka kashe Rumawa wajen 20,000, aka kama 10,000, shi Karasus kuma ya halaka wajen zancen sulhu. Ladan Surena fa? Ba da daɗewa ba Sarki Urud ya sa aka kashe shi don hassada.

Wannan ita ce cutar gidan. Urud da ɗan'uwansa suka kashe ubansu, shi ma ɗansa Farhad na Huɗu ya kashe shi. Farhad ya mayar wa Sarkin Rum Agustas tutocin Karasus a shekara ta 20 kafin Annabi Isa, Agustas kuma ya ba shi wata baiwa, sunanta Musa (kada mai karatu ya ruɗe, mace ce, sunan kuma na Yunanawa ne). Ta zama sarauniya, ta sa aka tura 'ya'yan kishiyoyinta Rum, sa'an nan ta ba mijin guba, ta hau gado tare da ɗanta. Rumawa sun ci Tesifon sau uku cikin ƙarni na biyu, ba su iya riƙe ta ba ko sau ɗaya. Wanda ya ka da su na gida ne, Ardashir, sarkin lardin Faris, kakan su Kisra, ya kashe Sarki Ardawan a shekara ta 224.

To, me ya sa sunansu ya ɓace? Babu wani littafin tarihi nasu da ya iso gare mu. Labarin Harran ɗin nan duka daga alƙalamin mutanen Rum da Yunan muka same shi, musamman Fulutak, watau daga bakin abokan gaba. Magadansu kuwa ba su so a tuna da su. Mas'udi ya ba da labari cewa Ardashir ya rage lissafin shekarun da ke tsakaninsa da Iskandar da wajen rabi, malaman tarihi na Larabawa kuma, irin su Ɗabari, suka kira zamanin na Mulukuɗ Ɗawa'if, watau sarakunan ƙungiya-ƙungiya. Firdausi, da ya tsara baiti dubbai a kan sarakunan Farisa cikin Shahnama, 'yan baitoci ƙalilan ya ba su.

Sai ƙasa ce ta yi musu shaida. A 1909 aka sami takardun fata uku na cinikin gonar inabi a wani kogo a Awroman, biyu da Yunananci, ɗaya da harshensu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu haƙa na Tarayyar Sobiyat suka tona tsohon birninsu Nisa, kusa da Ashgabat a Turkmenistan, suka sami ƙahonin sha na hauren giwa da aka sassaƙa, da sakaina ta tukwane fiye da 2,000 masu rubutu, galibinsu lissafin ruwan inabin da aka kawo rumbun sarki. Har wa yau kuma in Bafarishe zai ce jarumi ko ɗan kokawa sai ya ce pahlawan, asalin kalmar kuwa Bafartiye take nufi.