Barmani Coge da 'Yan Ƙwaryarta

Wata mai karatu daga Kebbe ta aiko da tambaya: shin mata sun taɓa kafa ƙungiyar waƙa tasu ta kansu a ƙasar Hausa kafin zuwan situdiyo da fiyano? Sun kafa, kuma wadda ta fi shahara ita ce ta Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, mutuniyar Funtuwa.

Kiɗan amada, wanda shi ne kiɗanta, na cikin gida ne. Ranar biki ko suna, mata kan zauna a tsakar gida su kife ƙore, wata a ƙasa, wata a kan ruwa cikin babban mazubi don amonta ya yi kauri. Zabiya na bayarwa, 'yan amshi na karɓa, masu rawa na juyi, ana liƙa musu kuɗi. A Kano, Hajiya Uwaliya Mai Amada ta riga ta yi suna da wannan kiɗa. Barmani ce ta kai shi filin taro da gidajen rediyo da talabijin, da ayarin mata a bayanta.

A nan aka rabu biyu. Wasu suka ce batsa take yi, hujjarsu kuwa Waƙar Duwaiwai da irin zambon da take yi wa kishiya. Wasu suka ce maganar da mata ke yi a ɗaka ce ta ɗora a kan ƙwarya, ba ta ƙirƙiro komai ba.

Na fi gamsuwa da na biyun. Masu sukar sun riƙe waƙa ɗaya sun bar saura. Bakin da ya yi waccan shi ne ya yi ta kiran mata su kama sana'a, su daina zaman jiran abin hannun miji. Matan da ke bayanta ma shaida ne, domin da wannan kiɗa suke ci, suke sha, suke aurar da 'ya'ya.

Daga baya kaset ya kai muryarta ko'ina, sannan waƙoƙin fim suka mamaye bukukuwa. Ta rasu a watan Maris na 2013.

Sunanta ya tsira, amma na masu kiɗa da amshinta bai shiga bakin jama'a ba. Ya kamata masu bincike a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya su nemi waɗanda suka rage, su ɗauki tarihinsu daga bakinsu tun suna raye.